Van Lear da 'Yar Mai Haƙar Kwal

A watan Disamba na shekarar 1970 wata waƙa mai suna Coal Miner's Daughter, wato 'Yar Mai Haƙar Kwal, wadda Loretta Lynn ta rubuta da hannunta kuma ta rera da bakinta, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin da mujallar Billboard take fitarwa duk mako domin nuna waƙoƙin kantiri da suka fi ciniki da yawan shiga gidajen rediyon Amurka. Kantiri shi ne kiɗan da ya tsiro a karkarar kudancin ƙasar, a tsakanin talakawan Turawa manoma da leburori, sunan nasa ma ƙauye yake nufi, kuma birnin Nashbil na jihar Tenesi ne cibiyar kasuwancinsa. Waƙar ba ta wuce kimanin minti uku ba, ba ta da amshi, ba ta kuma ƙunshi komai ba face bayanin gidan da mawaƙiyar ta tashi a cikinsa a wani lungu mai suna Butcher Hollow, kusa da garin Van Lear a gabashin jihar Kentaki, tare da bayyana cewa tana alfahari da uban da ya haife ta da sana'ar da ya ci da iyalinsa da ita. Abin da ya sa ta zama abin nazari ga mai tarihi shi ne lokacin da ta fito, domin a shekarar 1970 kamfanin da ya gina Van Lear ya yi shekara ashirin da huɗu da tattara nasa ya nasa, ramukan kwal ɗin garin sun daɗe da mutuwa, uban da ake yabo ya shekara goma sha ɗaya a kabari, iyalinsa kuma sun watsu a wasu jihohi. Alfaharin da ke cikinta amsa ce ga wani raini da aka daɗe ana yi wa mutanen wannan yanki, kuma ba za a gane nauyin amsar ba sai an san yadda ƙasar da sana'ar suka kasance tun farko.

Gabashin Kentaki wani ɓangare ne na tsaunukan Apalaciya, waɗanda suka miƙe daga arewa maso gabashin Amurka zuwa kudu, kuma ƙasa ce mai tuddai masu kaifi da dazuzzuka, wadda ƙoramu suka tsattsaga ta zuwa ƙananan kwaruruka matsattsu. Irin wannan kwari ne ake kira hollow, mutanen wurin kuma suna furta shi holler, kuma shi ne tushen zamansu: gidaje na katako suna jere a bakin ƙorama, hanya ɗaya ce ta shiga kuma ita ce ta fita, mazauna galibi dangin juna ne, sau da yawa ma sunan zuriyar da ta fara sauka ake laƙaba wa kwarin. Turawan da suka cika yankin daga ƙarshen ƙarni na 18, a ƙasar da ƙabilun Shawnee da Cherokee suke farauta a da, jikokin baƙi ne daga Ingila da Sukotlan da arewacin Ayalan da Jamus, kuma fiye da shekara ɗari suna rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, suna noma masara da wake a gangaren tudu, suna sakin aladu su yi kiwo a daji, suna farauta, kuɗi kuwa ba sa shiga hannunsu sai jefi-jefi.

Abin da ya sauya wannan zama shi ne kwal ɗin da ke kwance a ƙarƙashin gonakin. A gundumar Johnson, inda Van Lear take, mutumin da ya fi kowa gane darajarsa shi ne John C. C. Mayo na garin Paintsville, wanda ya fara da aikin malamin makaranta, ya riƙa bin kwaruruka a kan doki yana sayen haƙƙin ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa daga manoman da yawancinsu ba su iya karatu sosai ba, a kan farashin da ake yawan ambata tsakanin rubu'in dala da dala ɗaya a kowace eka. Takardar cinikin da ta shahara da sunansa ta raba gona gida biyu, ta bar wa manomi saman ƙasa da harajinta, ta ba mai saye abin da ke ciki duka tare da izinin yin duk abin da ya ga ya dace a saman domin fitar da shi. Manomin da ya dangwala hannu a wancan zamani yana ganin ya ci banza ne, tunda an biya shi kuɗin abin da bai taɓa gani ba, gonarsa kuma tana nan. Sai jikokinsa ne suka ga ƙarshen cinikin, sa'ad da kotunan jihar suka fassara takardar da cewa ta halatta kankare tudu gaba ɗaya da manyan injuna. Sai a 1988 masu zaɓe a Kentaki suka gyara tsarin mulkin jihar, da rinjayen fiye da kashi 80 cikin ɗari, domin taƙaita wannan dama. Mayo ya rasu a 1914 yana cikin manyan attajiran jihar, katafaren gidansa yana nan a Paintsville har yau.

Haƙƙin kwal na ƙoramar Millers Creek ya wuce daga hannun Mayo ya faɗa hannun Consolidation Coal Company, wani babban kamfani mai tushe a jihar Maryland, wanda ya shimfiɗa ɗan reshen layin dogo zuwa cikin kwarin, ya buɗe ramuka biyar masu lamba 151 zuwa 155 tsakanin 1910 da 1914, ya kuma gina gari sukutum a inda babu shi a da. An sanya wa garin sunan Van Lear Black, ɗaya daga cikin daraktocin kamfanin, attajirin birnin Baltimore, aka ba shi matsayin gari a hukumance a 1912, kuma a lokacin da yake ganiyarsa mazaunansa sun kai wajen mutum 4,000, ciki har da baƙi daga Italiya da gabashin Turai da baƙaƙen fatar Amurka da suka zo daga kudu neman aiki. Kamar sauran garuruwan kamfani na wannan zamani, gidajen kwana da kantuna da ofishin likita da wuraren shaƙatawa duk mallakar mai ramin ne, ta yadda wanda ya rasa aiki ya rasa ɗaki tare da shi.

Aikin da ake yi a ƙarƙashin tudu kafin zuwan manyan injuna aiki ne na ƙarfin tuwo. A wurare da yawa na gabashin Kentaki kaurin shimfiɗar kwal bai fi mita ɗaya ko ɗaya da 'yan kai ba, kuma tunda kamfani ba ya biyan kuɗin fasa dutsen da ba kwal ba, tsayin ramin daidai yake da kaurin shimfiɗar, saboda haka mutum yakan yi sa'o'in aikinsa a durƙushe ko a kishingiɗe, wani lokaci cikin ruwa. Yana ɗaure da ƙaramar fitila a goshin hularsa, wadda ruwa ke ɗiga a kan kabaid a cikinta ya ba da iskar da ke kamawa da wuta, irin kabaid ɗin da masu walda suke aiki da shi. Ana fara yanke gindin kwal, a huda shi, a cusa albarushi a tayar, sa'an nan mai lodi ya kafa turakun katako su tokare rufin, ya ɗauki shebur ya cika ƙaramin tarago, ya rataya masa 'yar alamar tagulla mai lambarsa domin a san na wane ne idan an kai sikeli. A kan nauyi ake biya, ba a kan yini ba, kuma sikelin na kamfani ne, shi ya sa ɗaya daga cikin tsofaffin buƙatun ma'aikata ita ce a bar su su tsayar da nasu mutum ya ga awo da idonsa. Rufi yakan rufta, iskar gas takan fashe, amma abin da ya fi kashe mutane a hankali shi ne ƙurar kwal da ke taruwa a huhu shekara da shekaru har numfashi ya gagara, cutar da ake kira baƙin huhu, wadda likitocin kamfanoni da yawa suka daɗe suna musun cewa aikin ne ke jawo ta.

Idan ma'aikaci ya matsu kafin ranar biya, ofis yakan ba shi rance da wasu ƙwandaloli na kamfani waɗanda ba sa ciniki sai a kantin kamfani, inda kaya sukan fi tsada, sai ranar biya ta zo a zare kuɗin haya da na likita da na albarushi da na kanti, abin da ya rage a ambulan ya zama ba a bakin komai ba. Wannan tsari, tare da hana shiga ƙungiyar ƙwadago, shi ya haddasa manyan tarzomomin yankin, irin arangamar Blair Mountain ta 1921 a jihar Birjiniya ta Yamma, inda kimanin ma'aikata 10,000 suka ɗauki makamai, da rikicin gundumar Harlan ta Kentaki wanda ya ɓarke a 1931 ya ci rayuka har ƙarshen shekarun 1930. Sai dai iyalin Melvin Webb, wanda ake kira Ted, mahaifin Loretta, ba cikin layin gidajen kamfani suke ba. Suna can ƙuryar Butcher Hollow, inda ko hanyar mota ta kirki babu a lokacin, kuma Ted yana cikin dubban mutanen da suka raba ƙafa tsakanin tsohuwar rayuwa da sabuwa, yana shiga rami domin albashi, yana kuma noma 'yar gonarsa domin abin sawa a baki. Wannan rabin manomi rabin lebura shi ne mutumin da ke cikin waƙar, kuma watakila shi ya sa gida da gona suka fi ramin kansa fitowa a cikinta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar kwal ta fara zamewa daga ƙarƙashin ƙafar waɗannan garuruwa. Jiragen ƙasa sun koma man dizal, gidaje sun koma mai da gas wajen ɗumama ɗaki, sa'an nan aka shigo da injin da ke tatsar kwal yana lodinsa da kansa, wanda ƙungiyar ma'aikatan ma'adinai ƙarƙashin John L. Lewis ta amince da shi a yarjejeniyar 1950 a madadin albashi mai tsoka ga 'yan kaɗan da za su rage. Masu haƙar kwal a Amurka, waɗanda suka haura 800,000 a 1923, ba su kai 150,000 ba a ƙarshen shekarun 1960. A Van Lear abin ya zo da wuri, domin kamfanin ya haɗe da wani na birnin Pittsburgh a 1945, ya janye daga Millers Creek a 1946, ya sayar wa mazauna gidajen da suke ciki, manyan gine-gine da dama kuma aka rushe su. Miliyoyin mutanen tsaunuka suka kama hanyar arewa zuwa masana'antun Ohayo da Mishigan da Indiyana, da yawansu ta babbar hanya mai lamba 23 wadda ta ratsa Paintsville. Ted Webb ma, da huhunsa ya gaza, ya kwashi matarsa Clara da ƙananan 'ya'yansa zuwa garin Wabash na Indiyana a tsakiyar shekarun 1950, a can ya rasu a 1959 yana da shekara 52, bayan shanyewar jiki ta same shi a kan baƙin huhun da yake fama da shi.

A biranen arewa waɗannan baƙi sun tarar da suna yana jiransu, wato hillbilly, kalmar da ma'anarta ta yi kusa da bagidajen kan tudu. Tun labaran gabar da aka yi tsakanin zuriyar Hatfield da ta McCoy a shekarun 1880 jaridu suka saba zana mutumin tsauni a matsayin jahili mara takalmi, mai bindiga da tulun barasa, zanen barkwanci na Li'l Abner ya ɗora a kai daga 1934, shirin talabijin na The Beverly Hillbillies kuma ya mayar da shi abin dariyar kowane falo daga 1962 zuwa 1971. Bayan dariya sai tausayi ya biyo, wanda ga mai zuciya bai fi dariyar sauƙin haɗiya ba. A ranar 24 ga Afrilu, 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya sauka a gundumar Martin, maƙwabciyar gundumar Johnson, ya tsuguna a barandar wani magidanci mara aikin yi domin tallata shirinsa na yaƙi da talauci, hoton ya zaga duniya, daga nan kuma masu kyamara suka yi ta kwararowa suna neman yara masu datti da gidaje masu yoyo. Yadda wannan ya ƙona wa wasu rai ya bayyana a 1967 a gundumar Letcher, inda wani mai gidajen haya ya harbe Hugh O'Connor, mai shirya fim ɗan ƙasar Kanada, jim kaɗan bayan ya ɗauki hoton wani mai haƙar kwal a ƙofar ɗaya daga cikin gidajensa. A cikin wannan yanayi, wanda kowa yake ba da labarin talakan tsauni ban da shi kansa, waƙar Loretta Lynn ta fito, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Yabon uwa da uba da tsohon gida ba sabon abu ba ne a kiɗan kantiri, kusan ma da shi aka haife shi. Lokacin da Ralph Peer na kamfanin Victor ya kafa na'urar ɗaukar sauti a garin Bristol a 1927, cikin waɗanda ya gano har da iyalin Carter, miji da mata da ƙanwar matar ta wajen dangi, waɗanda sunansu na kasuwa ma iyali yake nufi, kuma kaso mai yawa na abin da suka rera begen gida ne da iyayen da suka tsufa ko suka rasu. Shirin rediyo na Grand Ole Opry, wanda tashar WSM ta Nashbil ta fara a 1925, ya kai irin waɗannan waƙoƙi cikin kwaruruka kowane daren Asabar ta akwatunan rediyo masu batir. Amma iyayen da ke cikin tsofaffin waƙoƙin ba su da suna, ba su da gari, ba su da sana'a. Uwa ce mai furfura a bakin taga, wadda kowa zai iya cewa tasa ce. Abin da ya bambanta waƙar 1970 shi ne ta ambaci kwarin da sunansa, ta ambaci ramukan Van Lear da sunansu, ta faɗi yawan 'ya'yan gidan, ta yadda mai shakka zai iya ɗaukar taswira ya je ya gani.

An haifi Loretta Webb a ranar 14 ga Afrilu, 1932, ita ce ta biyu cikin 'ya'ya takwas. A watan Janairu na 1948 ta auri Oliver Lynn, tsohon soja wanda aka fi sani da Doolittle, suka yi ƙaura zuwa garin Custer na jihar Washinton a can ƙarshen yammacin ƙasar, ta haifi 'ya'ya huɗu tun tana ƙuruciya, tana wanki da girki da aikin gona na ƙwadago. Mijin ne ya saya mata jita ta dala 17, ta koya wa kanta kaɗawa, ta fitar da faifanta na farko a 1960 ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna Zero, su biyu suka riƙa bin gidajen rediyo a mota suna roƙon a saka shi har ya kai matsayi na 14. Daga nan ta koma Nashbil, ta shiga kamfanin Decca ƙarƙashin Owen Bradley, mai tsara faifan da ya yi aiki da mawaƙiya Patsy Cline, ta zama 'yar Grand Ole Opry a 1962. Sunan da ta yi a shekarun 1960 na mace mai kaifin baki ne, wadda take rera wa miji mashayi da matan da ke bin mazan wasu gargaɗi ba tare da kara ba, saboda haka waƙar tuna iyaye ba ita ce abin da kasuwa take jira daga wurinta ba.

An ɗauki waƙar a ranar 1 ga Oktoba, 1969, a Bradley's Barn, wani tsohon rumbun gona da Bradley ya mayar ɗakin ɗaukar sauti a Mount Juliet kusa da Nashbil, amma sai da ta yi shekara guda a ajiye kafin a fitar da ita a Oktoban 1970 a kan ƙaramin faifan garmaho mai juyawa sau 45 a minti, irin wanda ke ɗauke da waƙa ɗaya a kowace fuska, wanda kuma shi ne ma'aunin farin jinin mawaƙi a wancan zamani. Mawaƙiyar ta sha faɗa a hirarraki cewa baitocin da ta rubuta sun fi waɗanda aka ji, amma Bradley ya sa ta zubar da wasu, yana mai cewa duniya ta riga ta sami doguwar waƙar labari guda, wato El Paso ta Marty Robbins, ba ta buƙatar ta biyu. Baitocin da aka cire kuwa sun ɓace. Kiɗan mai sauƙi ne, ana ɗaga muryarsa hawa-hawa yayin da labarin yake tafiya domin maye gurbin amshin da babu, kuma ana jin banjo a ciki, wanda a 1970 ya zama alamar tsohon kiɗan tsauni, ko da yake asalinsa bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi bisa tsarin kayan kiɗa masu tsirkiya da ƙoƙon duma, dangin gurmi da molo. A babban jadawalin Billboard na dukkan nau'o'in kiɗa waƙar ta tsaya a matsayi na 83, abin da ke nuna cewa a farkon fitowarta 'yan gida ne suka karɓe ta.

Ƙarfin waƙar yana cikin kayan da ta zaɓa ta nuna. Akwai fitilar kananzir da ake karatun Littafi Mai Tsarki da ita, akwai allon wanki mai tudu-tudu wanda ake goga tufafi a kansa har yatsun uwa su fashe, akwai ruwan rijiya, akwai kuma takalman da ake samu sau ɗaya a shekara idan sanyi ya kawo jiki, waɗanda ake odarsu ta gidan waya daga littafin tallan kaya, da kuɗin aladen da aka sayar. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da masu kyamarar 1964 suka zo nema a matsayin shaidar ci-baya, ƙafa ba takalmi da gida ba lantarki, sai ga 'yar gidan ta jera su da kanta ba tare da ta ɓoye ko ɗaya ba, amma ta sauya abin da suke shaida, suka zama hujjar cewa uban bai gaza ba kuma uwar ba ta yi ƙorafi ba. Ba kirarin zuriya ba ne irin wanda ake jero kakanni da muƙamansu, domin ba a ambaci kaka ko ɗaya ba, kuma babu dukiya ko sarauta da za a jingina da ita. Asalin da ake tinƙaho da shi bai wuce mutum biyu da guminsu ba, da rufin asirin da suka yi wa 'ya'ya takwas da albashin lebura.

Abin da waƙar ta yi shiru a kansa ma yana da yawa, kuma shirun ya fi fitowa fili idan aka dubi abin da ke faruwa a ramukan kwal a daidai lokacin. A ranar 20 ga Nuwamba, 1968, rami mai lamba 9 a Farmington ta Birjiniya ta Yamma ya fashe ya kashe mutum 78, kuma ramin na Consolidation ne, kamfanin da ya gina Van Lear. A farkon 1969 ma'aikata fiye da 40,000 a wannan jiha suka shiga yajin aiki ba da izinin shugabannin ƙungiyarsu ba, suna neman a amince da baƙin huhu a matsayin cutar aiki da ake biyan diyya a kanta, matsin da ya kai ga dokar tarayya ta lafiya da tsaron ramukan kwal wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu a ranar 30 ga Disamba, 1969. A daidai waɗannan kwanaki aka kashe Joseph Yablonski, wanda ya tsaya takarar shugabancin ƙungiyar, tare da matarsa da 'yarsa a gidansu, daga baya kuma kotu ta kama shugaban ƙungiyar, Tony Boyle, da laifin kitsa kisan. Sa'an nan a ranar 30 ga Disamba, 1970, shekara ɗaya cif da sa hannu a dokar, kwanaki kaɗan bayan waƙar ta hau saman jadawali, wani rami a Hurricane Creek kusa da garin Hyden na Kentaki ya fashe ya hallaka mutum 38. A cikin waƙar babu kamfani, babu kantinsa, babu ƙungiya, babu ƙurar da ta cinye huhun mutumin da ake yabo.

Wasu za su ɗauki wannan a matsayin shafa wa wahala zuma, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya, tunda yankunan kwal suna da tasu tsohuwar al'ada ta waƙar koke da tuhuma, irin wadda Florence Reece ta yi a Harlan a 1931 da Sixteen Tons ta Merle Travis a kan bashin kantin kamfani, kuma waƙar da ba ta tuhumi kowa ba tana da sauƙin shiga bakin mai rami da ɗan siyasa kamar yadda take shiga bakin lebura. Amma waƙar koke tana nuna ma'aikaci a matsayin wanda aka zalunta, abin da 'ya'yansa da ke layin masana'antun biranen Detroit ko Dayton suka riga suka sani suka kuma gaji da ji daga bakin baƙi. Abin da ba su da shi shi ne hanyar faɗin inda suka fito ba tare da sunkuyar da kai ba, kuma wannan giɓi ne waƙar ta cike. Ita mawaƙiyar ba ta jahilci sauran labarin ba, domin a 1971 ta shirya babban taron kiɗa a birnin Louisville don tara wa marayun Hyden kuɗin karatu. Ba ita kaɗai ba ce kuma ta bi wannan hanya a waɗannan shekaru: Merle Haggard ya rera wahalar iyayen da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya, Dolly Parton ta kai matsayi na 4 a 1971 da labarin rigar tsummoki da mahaifiyarta ta ɗinka mata a tsaunukan Tenesi, yayin da Hank Williams ƙarami ya juya al'adar a 1979 da Family Tradition, inda gadon da yake iƙirari da shi ya haɗa da shaye-shaye da taurin kan mahaifinsa.

Sunan waƙar ya zama sunan mai ita. A 1972 ta zama mace ta farko da ƙungiyar kiɗan kantiri ta ba lambar gwarzon shekara, a 1976 ta fitar da tarihin rayuwarta da wannan suna tare da George Vecsey, ɗan jaridar New York Times wanda ya yi aiki a yankin kwal, a 1980 kuma Michael Apted, Baturen Ingila, ya mayar da littafin fim, inda Sissy Spacek ta fito a matsayin Loretta, ta rera waƙoƙin da muryarta, ta kuma ci lambar Oscar. Littafin ya buɗe abubuwan da minti uku ba su ɗauka ba, har da ciwon uban da dukan miji da shansa, ko da yake shi ma ba a rasa gyaran fuska a cikinsa ba, domin ya nuna an yi mata aure tana da shekara 13, alhali takardun haihuwa da kamfanin labarai na Associated Press ya binciko a 2012 sun nuna shekararta 15. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya faifan cikin kundin muryoyin da ake adanawa a matsayin kayan tarihin ƙasa, Shugaba Obama ya ba ta lambar girma mafi daraja ta farar hula a 2013, ta kuma rasu a ranar 4 ga Oktoba, 2022, a gidanta na Hurricane Mills a Tenesi, tana da shekara 90.

Jihar Kentaki, wadda take da masu haƙar kwal kimanin 75,000 a 1948, ba ta da ko 5,000 a 'yan shekarun nan, baƙin huhu kuma ya dawo da ƙarfi a tsakanin waɗanda suka rage, saboda injuna yanzu suna yankar dutse mai ƙurar yashi domin kai wa ga siraran shimfiɗun da suka saura. Wani bincike na hukumar lafiyar ma'aikata ta tarayya da aka buga a 2018 ya sami cutar a jikin kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka shekara 25 ko fiye a ramukan tsakiyar Apalaciya. A Van Lear tsohon ofishin kamfanin ya zama gidan tarihin masu haƙar kwal, tsohon kantin rami na biyar, wanda wani ƙanen mawaƙiyar ya riƙe shekaru da yawa, ya zama wurin da baƙi suke tsayawa kafin a haura da su Butcher Hollow su ga gidan katakon iyalin Webb. Hanya mai lamba 23, wadda ta kwashe mutanen yankin zuwa arewa, jihar ta raɗa mata suna Hanyar Kiɗan Kantiri a 1994, aka kakkafa alluna a bakinta ɗauke da sunayen mawaƙan da gundumomin suka haifa, cikinsu har da Loretta Lynn da ƙanwarta Crystal Gayle, wadda aka haifa a Paintsville a 1951 amma ta girma a Wabash.